Ƙarfen Gashin Baban Mufeeda

Nu'aija, Doha
Asabar, 7 ga Disamba

Zuwa ga kakata Iya Shetu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya gwiwar, ya sanyin Malumfashi? Ki yi mini godiya wurin Anti Fiddausi, tunda ita za ta sha riƙon waya kina karanta hoton takardar nan. Da kunnenki yana ji da na kira ki, amma ko yana ji ban tabbata bakina zai iya faɗar abin da hannuna zai rubuta ba. Mu nan lafiya lau. Umma ta warke daga mura, Mufeeda ta yi famfarar haƙora biyu, in ta yi dariya kamar ƙofar da aka cire wa ƙyaure.

Yau kwanana ashirin da biyu a garin nan. Iya, akwai jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin ƙasa, kuma babu direba. Na zauna can gaba ina leƙen mai tuƙi har muka fito a tashar Mushairib, Mufeeda tana ta yi mini dariya. Ji na yi kamar na faɗa cikin ɗaya daga littattafan da kike ƙwace mini.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Jiya da aka sauko Juma'a Baba ya kwashe mu a mota, har da maƙwabciyarmu Anti Liatu, wata nas 'yar Kagoro. Muka yi kudu har kwalta ta ƙare, ya tsaya ya rage iskar tayoyi, muka shiga rairayi. Tuddan yashi ne, Iya, wasu sun fi hasumiyar masallacinmu tsawo, babu ko ciyawa. Muna hawa wani sai ga teku a gindinsa, kwance shiru, kamar an shanya shuɗin mayafi an manta da shi. Ban san lokacin da na ce subhanallahi ba.

Bayan la'asar Baba ya hura wuta a cikin kaskon ƙarfe, don ba a hurawa a kan yashi. Bai ɗora komai ba sai da harshen wutar ya kwanta, ya rage jan garwashi. Sannan ya zaro wani abu daga buhu. Ki ɗauka ƙananan faranti biyu ne na baƙin ƙarfe, masu ɗan zurfi, an haɗe su ta baya suna buɗewa suna rufewa kamar bakin kada, kowanne da doguwar mariƙa mai ƙotar katako. Umma ta ce wani abokin aikinsa ɗan Afirka ta Kudu ne ya bar masa da zai koma gida.

Ya shafa bota a yankan burodi, ya kwantar da shi gefen botar yana kallon ƙarfe. Ya jera tuffa da aka yanka siri-siri, ya barbaɗa sukari da garin kirfa, ya rufe da wani yankan, ya matse ƙarfen. Gefen burodin da ya leƙo waje ya zagaye shi da wuƙa, sai ya tura cikin garwashi. Ba ya duba agogo. Leɓɓansa kawai nake gani suna motsi, Mufeeda ta raɗa mini wai istigfari ɗari yake yi wa kowane gefe.

Da ya buɗe, ƙamshin ya riga shi tashi. Burodin ya koma ruwan zuma, bakinsa ya liƙe ruf kamar ambulan. In kin gatsa, waje rumus, ciki kuwa tuffar ta narke tana tururi. Burodi ne fa kawai da 'ya'yan itace. Mutumin da nake gani kullum yana fita gyaran na'urorin sanyaya ɗaki fuska a ɗaure, ga shi durƙushe a yashi, hasken garwashi a goshinsa, yana lallaɓa burodi kamar jariri. Na kasa ɗauke ido.

Na farko ya ɗaga ya ce, "Mufeeda, yalla, maza zo karɓi. Ki hura fa, cikin yana ƙona harshe." Na biyu ya ce, "Sista Liatu, bisimilla." Na uku ya miƙa wa Umma. Na huɗu ya sa a faranti, ya ajiye a kan murfin kular ruwa, ya juya yana gyara wuta.

Anti Liatu ta ce, "Baban Mufeeda, wannan na aljanun wurin ne?"

Ya ce, "Mai shi ta sani."

Na ɗauka na ci. Ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba, kuma idona yana ta ruwa. Na ce musu hayaƙi ne.

Na san ni 'yar fari ce, na san kunya, ba yau aka haife ni ba. Amma na zaci kunyar a Malumfashi take tsayawa, ba ta hawa jirgi. Tun da na zo bai dube ni ya ce ko "ke" ba. In ruwa yake so sai ya ce, "A miƙo ruwa." Kowa a benen nan Baban Mufeeda yake ce masa, har wata 'yar Sudan ta tambayi Umma ko 'yar aiki aka kawo mata daga gida. Ba sunana nake roƙon ya kira ba. Kalma ɗaya nake so wadda ni aka nufa da ita, kafin bizata ta ƙare a tsakiyar Fabrairu.

Ke kika haife shi, ke kika riƙe ni tun daga yaye. Ki faɗa mini gaskiya: kunya ce, ko dai ba ya so na ne?

Taki,
Haulat


Malumfashi
11 ga Disamba

Zuwa ga 'yar rigimata Haulat,

Wa alaikumus salam. Takarda ta iso. Sai da na goge tabarau sau uku kafin na gama da rubutun nan naki mai kama da sawun tururuwa. Da har yanzu ina koyarwa da kin sha jan biro. Gwiwa tana nan tana mulkinta. An fara ɗibar auduga, akuyarki ta haifi biyu. Ki gaishe da uwarki da mai giɓi.

To, 'yar littafi. An kai ki ƙasar da mutane suke mafarkin zuwa, kin rasa labarin da za ki ba ni sai na gasasshen burodi. Ai da kin faɗa da na danne miki shi da dutsen guga na gawayi, kin huta da hawa jirgi. Amma ban ƙi gaskiya ba, yawuna ya tsinke. Da haƙoran da suka rage mini ma zan iya da shi.

Maganar ubanki kuwa, ki bar shi. Haka yake. Wanda ya shekara arba'in da huɗu a kan hali ba zai sauka don baƙuwar wata uku ba. Ki ci abin da aka ajiye miki, ki yi godiya, ki rage karance-karancen nan da suke sa ki zaci kowane uba sai ya rungume 'yarsa yana kuka. Ɗakinki yana nan, ba wanda ya taɓa miki komai.

Allah Ya yi miki albarka.

Kakarki,
Shetu


Nu'aija
Lahadi, 15 ga Disamba

Iya,

Salamu alaikum. Ina fatan gwiwar da sauƙi. Muna lafiya. Allah Ya raya 'yan akuya.

Baƙuwar wata uku. Na karanta wurin har na haddace. Tambaya ɗaya na yi miki, kunya ce ko ƙi, kika ce in bar shi. Da kunya ce da kin ce kunya ce, ke ba kya kwana-kwana. Na gane, kuma ban ga laifinki ba.

Shekaranjiya mun koma bakin tekun. Wannan karon ayaba da dabino Baba ya sa a burodin. Ni na hau kan tudu na zauna, ina hangen su ƙanana a ƙasa, hayaƙi yana tashi siriri kamar zare. Rana ta yi ja, tekun ya yi ja, yashin ma ya yi ja, har tafin hannuna. Na ce Ubangijin da Ya yi wannan Ya san abin da ke raina, ba sai na faɗa wa kowa ba. Na ga ya ajiye nawa a kan kular nan. Ban sauko ba sai da aka kira magariba, kuma ban taɓa farantin ba. Jiya na buɗe firij na gan shi a nannaɗe. Ban san wa ya nannaɗe ba, ban tambaya ba.

Na roƙi Umma a matso da tikitina. Ta ce me aka yi mini, na ce kewarki nake. Ita ma ai, da kunyar 'yar fari, ba ta iya ja da ni da magana. Ta faɗa wa Baba muna cin abinci. Ya ajiye cokali, ya dubi bango, ya ce, "To. A yi yadda ake so." Bai ƙarasa abincin ba, wai ana jiransa wurin aiki a unguwar Al Thumama.

An mayar da tafiyar zuwa Litinin, shida ga Janairu. Ki faɗa wa Anti Fiddausi.

Haulat


Nu'aija
26 ga Disamba

Iya, salamu alaikum. Kwana goma sha ɗaya shiru. Na aika wa Anti Fiddausi saƙo bai shiga ba. In fushi kike ki faɗa, in ciwo ne a sanar da ni. Na fara haɗa kaya. Mufeeda ta ɓoye mini takalmi ɗaya wai don kada in tafi.

Haulat


Malumfashi
31 ga Disamba

Haulatu,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ba ciwo ba fushi. Fiddausi ce ta tafi jinyar surukarta a wani ƙauye bayan Bakori inda waya ba ta kamawa, sai jiya ta dawo. Takardunki biyu a zama ɗaya na karanta su, na kasa cin tuwo.

Ba abin da nake nufi ke nan ba, amma abin da na rubuta ke nan. Na yi shekara talatin ina gaya wa yara in mai karatu ya ɓata, laifin mai rubutu ne. Na gudu daga tambayarki don amsarta ni za ta kama. Yanzu ki saurara.

Kina da wata bakwai ubanki ya dawo daga Kano inda yake koyon aiki. Ya tarar da ke a tabarma, ya ɗauke ki ya ɗora a wuya, ya fita da ke har teburin mai shayi, yana kiran sunanki yana yi miki waƙa. Mata suka leƙo suna dariya, wata ta kawo mini labari. Na fita mayafi a hannu. Na karɓe ki a gaban jama'a, na ce masa marar kunya, wanda bai gaji mutunci ba, wa ya taɓa ganin ana yawo da ɗan fari kamar an tsinci tsako. Ya sunkuyar da kai, abokansa suna kallo. Daga ranar ban ƙara jin sunanki a bakinsa ba. Da aka yaye ki na ɗauke ki. Ni a ganina tarbiyya na yi.

Shi ma ɗan farina ne. Shekara arba'in da huɗu ban faɗi sunansa ba ko sau ɗaya. Haka uwata ta yi wa yayana, ban taɓa tambayar dalili ba.

Littattafan nan da nake ƙwacewa, wa kike zaton yake sa Fiddausi ta sayo? In ya kira ta, kafin ya tambayi gwiwata sai ya ce, "Wanne ake karantawa yanzu?" Da kika ci jarrabawa, Fiddausi ta ce ta ji shiru a waya har ta zaci layin ya yanke.

To ga amsarki. Kunya ce, kuma ni na ɗaura masa ita da igiyar da ba zai iya kwancewa da kansa ba. Ba zan ce ki zauna ba, ba zan ce ki taho ba, don in na bi son raina gobe ma ki taho. Amma in jira kike ya fara, za ki yi furfura. Ke ba wanda ya ɗaure ki.

Ki yafe wa tsohuwa.

Shetu


Nu'aija
Asabar, 4 ga Janairu

Iyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe ki kuma. Ki ci tuwonki don Allah, babu abin yafewa. Kowa lafiya. An ga takalmin, a cikin tukunyar shinkafa.

Na karanta takardarki a banɗaki don kada a ga fuskata. Kwana uku ina ɗauke da ita a cikin hijabi, ina neman ta inda zan fara. In Baba ya shigo sai in tsaya ina gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Jiya muka je yashin, wai na bankwana. Akwai iska mai sanyi daga teku, wasu fararen tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna tsaye a ruwa kamar an dasa su. Baba ya hura wuta, ya jira ta kwanta, ya zaro ƙarfen. Na tashi na je na durƙusa a ɗaya gefen kaskon. Ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Akwai tabon ƙuna a bayan hannunsa, ban san da shi ba.

Na ce, "Baba, a koya mini."

Umma ta sunkuya tana neman abin da bai ɓata ba a cikin jaka. Shi kuwa ya ajiye ƙarfen a tsakaninmu, mariƙar tana kallona, ya ce, "Mufeeda, ki ce wa yayarki a waje ake shafa botar, ba a ciki ba."

Mufeeda ta ce, "Yaya, wai a waje."

"Ki ce mata kada ta cika tuffar, in ta yi yawa bakin ba ya liƙewa."

"Baba, ai tana jin ka. Kunnenta biyu."

Anti Liatu ta miƙe tana kaɗe zani ta ce, "Ke tafinta, zo mu je ki nuna mini raƙuman can, aikin nan ba albashi." Ta ja hannun Mufeeda, ta ɗaga wa Umma gira, Umma ma ta bi su. Aka bar mu mu biyu da wuta.

Na barbaɗa kirfa, na rufe, na matse. Ya ce, "Ki ce mata ta yanke gefen, in ba haka ba zai kama da wuta." Babu Mufeeda a wurin, Iya. Ga ta can ta zama ɗigo a kan tudu. Amma ya ci gaba da aikenta, ni kuma na ci gaba da karɓar saƙo. Na so in yi dariya, na so in yi kuka, na rasa wanda zan fara.

Na tura ƙarfen cikin garwashi. Ashe nauyi gare shi. Na fara istigfari, a wajen talatin lissafin ya ɓace mini, don ina satar kallonsa. Na sake farawa. Na ƙara ɓata. Hayaƙi ya fara fitowa baƙi ban lura ba.

Sai ya ce, "Juya."

Ba "a juya" ba. Ba "ki ce mata" ba. Ni ya duba, cikin idona, ya ce juya. Ya kama ƙarshen ƙotar, hannunsa a bayan nawa, muka juya tare. A littafi da an yi shafi uku a kan wannan wurin. Ni ban iya komai ba sai "to".

Da muka buɗe, gefe ɗaya ya yi kyau, ɗayan baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na ce bari in zubar. Ya karɓe farantin, ya hura, ya fara ci ta gefen da ya ƙone. Ya cinye tas, har ɓurɓushin. Su Umma suna dawowa Anti Liatu ta ce, "Baban Mufeeda, gawayi kake ci?" Ya ce, "Sista, ba ki san daɗi ba." Ya miƙo mini wani burodin ya ce, "Sake. Wannan karon ni zan ƙirga."

Na yi guda biyar. Na ƙarshen ya fito ruwan zuma gefe biyu, na ba Umma, ta karɓa ba ta dube ni ba.

A hanyar dawowa, ya tsaya ƙara wa tayoyi iska, na fito na riƙe masa tiyo. Yana durƙushe, bai ɗago ba, ya ce, "Tikitin nan, in an mayar da shi inda yake, akwai matsala?" Na ce babu. Ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Yau da safe aka mayar. Ki ce wa Anti Fiddausi kada ta nemi mota ranar Litinin, sai tsakiyar Fabrairu. Ki yi haƙuri da ni wata guda da 'yan kwanaki.

Bai faɗi sunana ba. Wataƙila ba zai taɓa faɗa ba, kuma na ga ba ya damuna kamar da. Tun jiya kalmomi ashirin da uku ya yi mini, ina rubuta su a bayan littafina.

Saura roƙo ɗaya, kuma kada ki ce rashin kunya ce, ke kika ce ba wanda ya ɗaure ni. In bakinki ba zai iya faɗar sunansa ba, ki rubuta shi. Layi ɗaya ya isa, a ƙasan takardarki ta gaba. Takarda ba ta da maƙwabta masu leƙe. Ba zan nuna masa ba sai kin ce in nuna.

Jikarki,
Haulat